Yaya Anacleto da Walimar Karnuka

Ni na yi bakancen, ba shi ba, kuma da sharaɗi na yi shi. Na durƙusa gaban hoton Waliyyi Lazaru na ce idan ƙafar yayana Anacleto ta warke, zan shimfiɗa leshin mahaifiyarmu a ƙasa, in jera wa karnuka bakwai abinci a farantan baƙi, su ci su ƙoshi kafin wani ɗan Adam ya kai loma baki, yadda ake yi wa wannan waliyyi tun zamanin kakanni. Ƙafa ba ta warke ba. Likitocin birnin Teresina sun yanke ta ƙasa da gwiwa kaɗan. To, a wurina magana ta mutu: waliyyi bai yi nasa ba, ni ma babu abin da ya hau kaina. Duk wanda na tambaya a garinmu haka ya ce, har Dona Firmina mai jan addu'a, wadda ta fi Fadan cocinmu sanin irin waɗannan abubuwa. Mutum ɗaya ne ya ce bai yarda ba, shi ne mai ƙafar.

Sai kun san wane ne Anacleto kafin ku gane abin da ya sa wannan magana ta kusa tarwatsa mini kai. Mahauci ne, awaki yake yankawa, teburinsa na nan a bakin kasuwa tun ina budurwa. Teburin da wuƙaƙen gadon mahaifinmu ne, amma shuri nasa ne na kansa, bai gada a wurin kowa ba. Duk karen da tsautsayi ya kai ƙarƙashin teburin nan, Anacleto ba ya ko sunkuyawa ya duba. Hannu na yanka, baki na ciniki, ƙafar dama na aikinta, sai dai ka ji ihu, kare ya fita a guje yana jan gindi. Ga shi takalmin fata yake sawa, irin na makiyaya mai kaurin baki. Sauran mahauta suna ta fama da karnuka da sanda da tsawa, shi kuwa kewayen teburinsa fes, kamar an share. Yana alfahari da haka. Sai ya goge wuƙa a gaban rigarsa ya ce, "A garin nan har karnuka sun san girmana."

Da a karnuka abin ya tsaya da ban ɗaga murya ba, don ni ma ba wani sonsu nake yi ba. Amma ƙafar nan har gida take binsa. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai taɓa dukan matarsa Perpétua ba har ta koma ga Allah. Sai dai ƙofa ta sha, kujera ta sha, bokiti kuwa ban san iyakar waɗanda ya lotsa ba. In gishiri ya yi yawa a wake, kujera ce za ta ji a jikinta.

Sannan akwai maganar Jandira, 'yarsa ɗaya tilo. Tana ƙarama, ko makaranta ba ta shiga ba, uwarta ta je da ita kasuwa. Lemon da ke hannunta ya gangara ƙarƙashin tebur, ta rarrafa ta bi shi. Anacleto ya ji motsi a wajen ƙafarsa. Bai duba ba. Shi ya ɗauke ta a guje zuwa asibiti, jini ya jiƙa masa riga, yana kuka wiwi a tsakiyar titi, wannan da idona na gani. Aka ɗinke mata gira, tabon na nan har yau. Amma da aka dawo gida hankali ya kwanta, abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "To ita me ta je nema a ƙarƙashin tebur?" Shi ke nan, bai sake tayar da zancen ba. Tun daga ranar Jandira ba ta ƙara kama hannunsa ta sumbata ba, yadda kowane ɗa ke yi in zai nemi albarkar uba. Daga bakin ƙofa take tsayawa ta ce, "Albarka, Baba." Shi kuma ya ce, "Allah ya yi miki albarka," yana kallon wani wuri. Ta girma, ta yi aure, ta haihu, tana koyarwa a firamare, har yanzu daga bakin ƙofa.

Ciwon suga ne ya kama shi, kuma shi ya gayyato abinsa. Mutumin da ke yawo da dunƙulen mazarƙwaila a aljihu yana gatsa kamar mai cin gyaɗa, me kuke tsammani? Malamar asibiti ta hana shi, ya ce mahaifinmu ya ci mazarƙwaila har ya mutu. Na ce ai ita ta kashe shi. Ya ce tsufa ne. Wata rana ƙaya ta huda takalminsa na dama a garken awaki ta shige dunduniya. Ya wanke wurin da giyar rake, ya barbaɗa tokar taba, ya ɗaure da tsumma, ya koma kasuwa abinsa. Ciwo ya zama gyambo. Na yi magana har bakina ya gaji, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Sai da wari ya fara korar masu sayen nama sannan ya yarda aka sa shi a mota. A lokacin ne na yi bakancen, ni kaɗai a ɗaki, ban gaya masa ba. Dona Firmina kawai na gaya wa, wato na gaya wa gari.

Da aka sallamo shi gidana aka kawo shi, don mijina ya rasu, 'ya'yana duk suna São Paulo, kuma ni ce sakaryar da ba ta iya cewa a'a ba. Na ɗaura masa ragar kwanciya a baranda, inda iska ke shigowa. Ya shige ragar nan ya juya wa duniya baya. An ba shi sandunan dogarawa, ya ce in kai su murhu. In yi dambun masara da madara, ya ce ya bushe. In yi romon kaza, ya ce ai ba haihuwa ya yi ba. Magani kuwa sai na tsaya a kansa kamar soja. Ƙafar da aka binne a Teresina kuma ta dinga yi masa ƙaiƙayi, sai ya ƙwala mini kira ina tsakar wanki, wai in zo in sosa masa yatsan da babu shi. Dungun kuma ya lulluɓe shi da bargo, cikin wannan zafi namu, ba ya yarda kowa ya gani, ko malamar asibiti ce ta zo wankewa sai an kori kowa daga baranda. Mutum mai jiki kamar bijimi ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa. Na tsorata ƙwarai, ni kuma tsorona haushi yake zamewa, sai in yi ta zuba masa faɗa ina dangwarar da kwano.

Masu zuwa dubiya ba su da yawa. Dona Firmina na zuwa, maƙwabcina Seu Nonato mai gyaran babur yana leƙowa, sai Jandira, da ke biyowa kullum in an tashi makaranta, ta ba ni ayaba ko magani, ta nemi albarka daga tsakar gida ta wuce. Abin da ya rage masa kawai kallon titi. Karnukan gari kuwa in sun zo daidai gidana sai su tsallaka ɗaya gefen, su wuce da sauri, sai sun yi nisa su dawo gefenmu. Da farko abin dariya yake ba shi. "Kin gani, Zulmira? Ko a kwance sun san ni." Daga baya na lura ya daina dariyar, sai dai ya bi su da ido har su ɓace.

Wata rana da hantsi na kawo masa kofi marar suga, wanda yake kira ruwan wanke-wanke. Na miƙa masa, bai karɓa ba.

"Zulmira, me ya sa kike miƙo mini abu kamar mai ba damisa nama?"

"Karɓi, Yaya, hannuna ya gaji. Ina da wake a wuta."

"Matso."

"Ai na matso."

"Ba ki matso ba. Dubi ƙafarki."

Na duba. Akwai wani wuri a barandata inda siminti ya tsage ya yi layi. Yatsuna na daidai kan tsagar, jikina ya ranƙwafa gaba, hannu a miƙe iya tsawonsa.

"Nan kike tsayawa kullum," in ji shi. "Nonato ma nan yake tsayawa. Dona Firmina nan ta tsaya ta yi mini addu'a. Jandira kam ko barandar ba ta hawa. Na yi ta tunanin me ke kan tsagar nan, sai jiya na gane. Da ƙafar na nan, daidai nan za ta kai."

Gaskiya ya faɗa. Ban ma san ina yi ba. Tun muna yara jikina ya koyi abin, bai nemi shawarata ba.

"Ƙafar tana can a rami, Zulmira, amma har yanzu kauce mata kuke yi. Ni kuwa duk shekarun nan na ɗauka girmana ake gani."

Ya ja bargo ya rufe fuska. Kofin ya huce a hannuna.

Kwana biyu cur, abinci yadda na kai haka nake ɗaukowa. Sai wata safiya ina shara ya yi magana daga cikin raga.

"Bakancen nan da kika yi, za a cika shi."

"Wane bakance?"

"Kada ki raina mini hankali. Har mai kawo gas ya san da shi."

"To an fasa. Warkewa na roƙa, ba yanka ba. Ka tambayi Dona Firmina."

"Ba ruwana da Dona Firmina. Ni zan cika shi, da hannuna."

"Kai? Kai ne za ka ciyar da karnuka? Yaya, sugan ya hau kanka ne?"

"Ajiye tsintsiyar nan ki saurara. Ba ciniki nake yi da waliyyi ba, ƙafa ta tafi, ba ta dawowa. So nake in ga ko akwai mai rai guda ɗaya a garin nan da zai zo kusa da ni don kansa, ba don dole ba. In karnukan nan suka ci ina zaune a gefensu, na san Allah bai gama da ni ba, zan tashi in ɗauki sandunan can. In suka ƙi, ki daina wahalar da kanki da dafa mini abinci."

Na san yayana. In yana ihu ana iya shawo kansa, amma in ya yi magana a hankali irin haka, to ya gama yanke shawara. Wato mutumin nan ya ɗauki ransa ɗungurungum ya rataya a wuyan karnuka, karnukan da ya kwashe rabin rayuwarsa yana koya musu gudunsa. Na shiga madafa na rufe ƙofa, na yi wa waliyyi magana yadda bai kamata a yi wa waliyyi ba.

Tauren da nake kiwo don bikin Waliyyi São João shi ya tafi. Seu Nonato ya yanka ya feɗe, Anacleto ya ce a jawo masa tebur gaban raga. Ya tashi zaune, karon farko tun dawowarsa, ya karɓi wuƙa ya wasa ta. Hannun nan bai manta komai ba. Na ji daɗi har cikin raina, amma daɗin bai daɗe ba, don sai gani na yi cinya, da ƙirji, da hanta, duk tsoka mai kyau tana tafiya tukunyar karnuka.

"Mu kuma mutane me za mu ci?"

"Abin da kuke ba su. Ga ƙashi, ga huhu."

"Taure nawa ne fa, Yaya!"

"Ai na bar miki tumbi. Ki cusa masa kayan ciki ki ɗinke, kin iya."

Wannan duk mai sauƙi ne a kan aron karnuka. Ni, mace mai jikoki, ina bin gida-gida da lema ina roƙon a ba ni aron kare. Mai burodi ya dube ni ya ce, "Seu Anacleto ne zai ciyar da su? Dona Zulmira, guba ya samo mai araha?" Wata ta ce za ta bayar in na rantse mata zai dawo da ƙafafunsa huɗu. Na shanye duk wannan, na samu shida. Na bakwai sai karyar Jandira, wata baƙa mai suna Piaba, wadda ke binta har ƙofar aji.

"Gwaggo, Piaba ba ta zuwa."

"Haba 'yar nan, sau ɗaya ne fa."

"Ya taɓa shurinta tana da ciki. Ba zan kai ta ba. Kuma me wannan zai gyara? Asarar nama kawai za a yi."

Sai na gaya mata abin da ya ce game da daina dafa masa abinci. Ta shafa girarta, yadda take yi ba tare da ta sani ba. Ta ce za ta gani.

Ranar Lahadi aka yi, bayan an taso daga coci. Na shimfiɗa leshin a ƙarƙashin bishiyar kashu, leshin da mahaifiyarmu ta saƙa da hannunta, wanda ko ranar auren 'yata sai da na yi ta jinjinawa kafin in fito da shi. Na jera faranti bakwai, kowanne da shinkafa da nama da garin rogo soyayye da man shanu. Hoton waliyyi na can a kai da kyandirori. Rabin gari ya zo, kuma ba addu'a ta kawo su ba. Karnukan shida an yi musu wanka, an ɗaura musu jan ƙyalle a wuya, suna ta jan igiya, miyau na zuba. Farantin bakwai babu mai shi, don Jandira ba ta zo ba. Dona Firmina ta ce a fara haka, waliyyi ya san lissafinsa.

Sai ga Anacleto ya fito a kan sandunan da ya ce a kai murhu, da farar riga, an naɗe masa ƙafar wando ɗaya an maƙale da fil. Karnukan nan suka yi tsit. Kunnuwa suka kwanta, wutsiyoyi suka shige tsakanin ƙafafu. Ƙa'ida ita ce a kwance igiya kare ya je faranti da ƙafarsa, ba a jansa. Aka kwance. Suka watse kamar an watsa musu ruwan zafi, suka je suka taru a jikin shinge, ƙamshin nama na jansu, tsoro na riƙe su.

Dona Firmina ta ce, "Seu Anacleto, ka koma ciki su ci mana, in sun gama ka fito. Waliyyi ba zai damu ba."

"Ni zan damu."

Mai burodi ya ce ai sandunan suke tsoro. Anacleto ya dubi sandunan, sai kawai ya sake su. Mai ƙafa ɗaya da ya saki sanda ina za shi? Ya zube a bakin leshin kamar buhun masara. Na zabura in ɗaga shi, ya ɗaga mini hannu. Ya ja jiki ya gyara zama a ƙasa, daidai gefen faranti.

Muka zauna jira. Rana ta take, ƙudaje suka samu abin da suke so, kitse ya fara daskarewa a kan nama. Mutane ga yunwa, ga ƙamshin tumbi daga madafa, kuma ba damar taɓawa sai karnuka sun ci. Dona Firmina ta ja addu'o'inta har suka ƙare, ta sake daga farko, daga baya ta fara kiran sunayen waliyyan da ban taɓa ji ba. Anacleto ya gwada kiran karnukan, amma shi duk rayuwarsa kora ya iya. Ya yi fito, suka ƙara ja da baya. Ya ce, "Zo nan, zo," da irin muryar da ake tsayar da ɓarawo. Ni kuwa ina tsaye da ludayi a hannu, kamar in haɗiye zuciya.

Can sai karen mai burodi, wani ja wanda ba ya ƙoshi, ya fara tahowa, ciki a ƙasa, ya tako ya tsaya, ya tako ya tsaya, ido na kan Anacleto. Wuri ya yi shiru, ko tari babu. Hancinsa ya kusa taɓa faranti. Sai kawai muka ji fuuu, tau! Seu Nonato ne. Yana can ta bayan gidan da rokar biki a hannu tun safe, da ya ji shiru sai ya ɗauka an gama addu'a an fara ci, ya harba abarsa sama yadda ake yi a kowane cika bakance. Kafin hayaƙi ya baje babu kare ko ɗaya a gidan, wasu ta saman shinge suka fita. Ban san lokacin da na bi shi da ludayi ba.

"Ai al'ada ce, Dona Zulmira!"

"Al'adar gidanku! Wane mai hankali ne ke harba roka a walimar karnuka?"

Masu karnuka suka bi su suka lallaɓo su, amma iyakarsu titi, suka tsaya a can suna leƙen gida ta ƙofar shinge. Mutane suka fara sulalewa ɗaya-ɗaya. Anacleto bai motsa ba. Gumi ya jiƙa farar rigar, fuskarsa kuma ta koma irin wadda yake yi a cikin raga in ya juya ya fuskanci bango.

"Yaya, ya isa haka. Dabbobi ne, ba su san komai ba. Tashi mu shiga ciki."

Ko kallona bai yi ba. Ya sa hannu ya cire fil ɗin wandonsa, ya naɗe shi sama, ya warware bandeji a hankali. Dungun da ya ɓoye wa kowa, har ni mai wanke masa kaya, ga shi a fili gaban rabin gari, ja, da sawun ɗinki. Ya tallafe shi da hannu biyu ya ɗaga shi wajen karnukan.

"Ku duba," in ji shi. "Babu ita. Ku zo ku gani, na rantse babu ita."

Babu wanda ya yi dariya. Karnuka kuwa me suka sani? Ɗaya ma zama ya yi yana sosa kunne.

Sai na ji ƙarar ƙofar shinge. Jandira ce, da rigar cocinta, Piaba na gefenta babu igiya. Ban san tun yaushe take tsaye a wurin ba. Ta ratsa mutane, ta wuce inda nake tsaye, ba ta ko rage tafiya ba, ta zauna a ƙasa ta gefensa na dama, har gwiwarta na taɓa dungun. Ta kama hannunsa ta sumbata.

"Albarka, Baba."

Bakinsa ya motsa, amma magana ba ta fito ba. Ya sake gwadawa, shiru.

"Ka amsa mata mana, Yaya, kai ma!" Ni ce na yi wannan ihun, ina kuka ina jin haushin kukan.

Ya ɗaga hannu ya shafa tabon girarta da babban yatsa.

"Ban duba ba ranar nan. Da na duba, 'yata."

"Na sani, Baba. Albarkar fa?"

"Allah ya yi miki albarka."

Piaba duk inda uwar ɗakinta ta zauna nan take zuwa. Ta tako, ta sunsuna, ta zagaya sau ɗaya, ta sa baki a farantin da ke dab da hannunsa. Kare kuwa ba ya iya kallon wani kare na cin nama. Sauran shidan suka kwararo ta ƙofa kamar ruwa ya ɓalle, suka hau leshin da ƙafafunsu, suka ture kyandir, da ƙyar Dona Firmina ta tsamo hoton waliyyi. Wani ya taka cinyar Anacleto don ya kai ga faranti, shi kuwa yana zaune a tsakiyarsu, hannunsa a cikin na Jandira, hawaye na bin gemunsa. Karen mai burodi da ya gama nasa ya juyo ya lashi dungun. Dona Firmina ta yi alamar gicciye ta ce haka yake a jikin hoton waliyyi, karnuka na lasar gyambonsa. Ni dai na ce maiƙo ne ya ɗiga a wurin. Ta kuma shaida wa jama'a cewa babu karen da ya yi faɗa, alamar an karɓi bakance. Na ga biyu sun yi wa juna gurnani a kan ƙashi, amma na ja bakina na yi shiru.

Leshin bai ƙara moruwa ba, na wanke shi da duk sabulun da na sani. Anacleto ya koma kasuwa daga baya, a kan kujera yake yanka, kuma ba waliyyi ya zama ba: taurin kan na nan, mazarƙwaila ma na kama shi da ita a cikin hula. Sai dai yanzu ƙarƙashin teburinsa ya zama masaukin duk karen da ba shi da gida, masu sayen nama suna ƙorafi, ni nake shan ƙorafin. Kuma kafin ya motsa kujerarsa ko da kaɗan ne, sai ya sunkuya ya duba.

Amma a ranar, da karnuka suka gama lashe farantai suka baje a inuwa, sai ya share fuska da hannun riga ya ɗago kai.

"Zulmira, akwai sauran tumbin nan? Yunwa nake ji."

Tun da aka sallamo shi daga asibiti bai taɓa neman abinci da bakinsa ba. Na ruga madafa na cika faranti, na dawo da sauri na miƙa masa. Bai karɓa ba, ƙafafuna kawai yake kallo. Ashe na ja na tsaya nesa, na ranƙwafa, hannu a miƙe iya tsawonsa, a wurin da ko tsagar siminti babu. Na tako na zauna a gefensa, a kan maiƙo da shinkafar da karnuka suka watsar, da rigata ta coci, na riƙe masa farantin har ya cinye.